Matar Dogo a Kan Sitiyari

Kafin yaƙi, abin da na sani game da mota bai wuce warin man dizal a rigar mijina ba. Direban bas ne a kamfanin sufuri na gari. Kowa Dogo yake ce masa, don in zai shiga ɗaki sai ya sunkuya. Ni kuwa gajera ce, shi ya sa tun da muka yi aure ƙannensa suke mana tsiya wai an haɗa taɓarya da turmi. Muna zaune da yaranmu uku da mahaifiyarsa, Inna, a wani ɗan gida da ke bayan gidan ruwa.

Yaƙin da aka yi ba da baƙi aka yi shi ba. 'Yan ƙasa ɗaya ne suka ja daga, kuma har yau in ka tambayi mutum biyar abin da ya haɗa faɗan, amsa shida za ka samu. Mu dai a rediyo muka fara jin sa, sai a farashin sabulu, sannan wata safiya ya shigo har garejin kamfani. Sojoji suka zaɓi duk motar da ke da lafiya, suka ce kowane direba ya hau tasa, za a yi jigilar kaya zuwa bakin daga. Dogo ya aiko a ce min in rufe masa abincin rana, yanzu zai dawo. Na rufe. Da yamma yara suka cinye.

Daga nan mu matan direbobi muka mai da garejin wurin zuwa. Kullum da hantsi sai mu taru a inuwar rumfar wanke mota, ko Allah zai sa a ji labari. Manaja ya fito daga ofis, ya zuba wa furanninsa ruwa, ya ce mana babu wani sabon abu, ya koma. Mutum ne mai son tsari, furannin nan a jere suke cikin tukwanen ƙasa kamar sojoji a fareti. Ban da shi, namijin da ya rage a garejin Baba Makaniki ne, wanda sojoji suka duba furfurarsa suka bar shi tare da tsofaffin motocin da su ma ba su yi musu ba.

Wata rana Baba yana kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar bas, yana so ya fitar da iska daga birki. Aiki ne na mutum biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana takawa. Ya leƙo ya dube mu.

"Ke matar Dogo, zaman me kike yi? Hau ki taka min birki."

"Baba, wanne ne birkin?"

"Na tsakiya mana! Shekara nawa kina auren direba?"

"Direban na aura, Baba, ban auri motar ba."

Mata suka kwashe da dariya. Na tattare zanina na hau. Kujerar irin ta Dogo ce, an tura ta baya har ƙarshe, ƙafata ko kusa ba ta kai ba. Baba ya fito yana mita, ya ja kujerar gaba, ya samo guntun katako ya ɗaure a kan birkin da waya. Na taka, na saki, na taka, na saki. Da ya gama sai ya ce in murɗa makulli ya ji injin. Na murɗa. Motar ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Ƙarfen nan gaba ɗaya ya ɗauki rawa a ƙarƙashina, amma ban so in sauka ba.

Baba ya goge hannu ya ce, "Ga mota ta tashi, babu mai ja. Aikin banza."

A cikinmu akwai wata da muke kira Tela, don ɗinki take yi, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ita ce ta ce, "Mu da muke zaune nan fa, Baba, gumaka ne?"

A lokacin gari ya wahala da tafiyar ƙafa. Masu jinya suna isa asibiti a gajiye, 'yan kasuwa na ɗaukar kaya a ka, har an ce wata ta haihu a cikin baro a hanyar asibiti. Da aka kai wa Manaja maganar Tela, dariya ya fara yi har da riƙe ciki. Amma babban likita ya matsa masa, hukumar gari ta matsa masa, sai ya kira mu ya ce, "Na wucin gadi ne fa. Ku ji da kyau, na wucin gadi."

Saura Inna. Na same ta tana tsince shinkafa, na durƙusa.

"Inna, an ce za a koya mana tuƙi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ai kin iya tuƙi. Ga muciya can a rataye."

"Na mota nake nufi, Inna."

Ta ajiye faranti, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, kuma duban bai ɗauki lokaci ba tunda babu nisa. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ba za a ce ɗana ya dawo ya tarar na saki matarsa ita kaɗai cikin ƙartin gari ba. In za ki, ƙafata ƙafarki."

Haka aka yi. Yara kuwa, wani tsoho mai ritaya a layinmu ya ce a riƙa tara masa su bayan makaranta, shi ma zaman kaɗaici ya ishe shi. Kafin wata ya zagayo ya koyi goyo.

Mu shida Baba ya fara koya wa a filin garejin. Abin da muka yi wa motocin nan, Allah ne kaɗai zai yafe mana. Giya ta yi ta kuka a hannunmu, Baba ya riƙe kai yana cewa, "Wayyo haƙorana!" Ranar da na fara yin ribas, na duba madubin dama, na duba na hagu, na manta da abin da ke tsakiya. Sai ji na yi ƙaras, ƙaras, ƙaras. Tukwanen furannin Manaja ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar an aike ni. Ya fito ya tsaya a kansu yana kallo.

Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Yi haƙuri, ɗana. Lokacin yaƙi ne, kowa da asararsa."

Tela kuwa tuƙin bai karɓe ta ba. Da ta ga kwana sai ta rufe ido. Amma in Baba ya buɗe inji, sai ka ga ta tsaya tana kallo kamar an buɗe mata akwatin kayan ado. Ta ce masa inji inji ne, ko na ɗinki ko na mota, duk mai suke sha, duk kuka suke in an zalunce su. Baba ya miƙa mata sifana don ya ƙure ta. Tun daga ranar ba ta mayar masa ba.

Ranar da na fara fita titi, na tsaya a tashar bakin kasuwa, mutane cike. Na buɗe ƙofa. Babu wanda ya motsa. Wani mai kwat da jakar hannu ya leƙo, ya dube ni a kan matashi biyu da na ɗora don in ƙara tsawo, ya dubi bayan kujera.

"Baiwar Allah, ina direban?"

"Ga ni."

Ya ja da baya. "A'a. Ni ban yi wasiyya ba tukuna."

Inna, da ke zaune bakin ƙofa da jakarta a cinya, ta ce, "To tsaya ka yi a hankali, gobe ma dawo mu ɗauke ka."

Mata suka fara shiga, da kwandunansu da goyonsu. Maza suka tsaya suna shawara. Allah da ikonsa sai hadarin da ya haɗu tun safe ya ɓarke da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya fara tsallowa ciki shi ne mai kwat. Tun daga kasuwa har asibiti yana addu'a da ƙarfi a bayan kunnena, har na haddace. Da zai sauka ya ce, "To, ba laifi. Amma ki riƙa yin oda kafin kwana." Daga baya ya zama fasinjana na kullum, kuma kujerar bayana tasa ce, ba mai zama.

Inna ta zo ne don ta tsare ni, amma zama shiru ba halinta ba ne. Tun a rana ta biyu ta fara raba wa mutane wurin zama. "Matsa ciki, ɗana, ba gadonka ba ne." "Kai mai hula, tashi ka ba mai ciki wuri, uwarka ma ta taɓa ɗaukar irinsa." Da Manaja ya ga ba shi da kwandasta, kuma ya ga babu mai iya musu da ita, sai ya rataya mata jakar tikiti. Ta koyi buga jikin mota da tafin hannu, ɗaya in tsaya, biyu in tafi. Tsohuwar da a gida take kukan ciwon gwiwa, sai ga ta tana ratsa cunkoso kamar allura a cikin yadi. A shingen sojoji ma, in suka tsayar da mu suna tsokana, ita ke sauka ta tambaye su ko sun karya kumallo, ta yi musu faɗan rashin wanka, su buɗe mana hanya suna sosa ƙeya.

Ba mu kaɗai ba ne. Daga kan sitiyari nake ganin gari yana sauyawa. Matar mai gidan burodi ta shiga gaban tanda, kuma mutane suka yi ta raɗe-raɗin nata ya fi laushi. A gidan ruwa mata ne ke kunna injin su kashe. Wata mai kitso ta gaji shagon askin yayanta, maza suna shiga a ɗarare suna fitowa da kai kamar madubi. Na taɓa ganin wata a saman falwaya tana ɗaure wayar lantarki, 'yarta a ƙasa riƙe da tsani. Na yi mata oda, ta ɗago min filaya.

Ba zan ce duk daɗi ba ne. Akwai ranar da aka yi ruwan wuta a unguwar gangare da tsakar rana. Na sauke fasinjoji, Tela ta kwance kujerun baya, muka yi ta jigilar mutane zuwa asibiti har hannuna ya daina jin sitiyari. Inna ta yaga mayafinta tana ɗaure wa mutane rauni. Da muka gama, mu uku muka wanke motar. Ba a daɗe ba kuma labari ya zo cewa mijin Tela ya rasu a hanya, motarsa ta taka nakiya. Ta yi zaman makokinta, ta sayar da keken ɗinkinta don ta riƙe yara huɗu, ta dawo gareji ta shige ƙarƙashin mota. Na ji tana kuka a can ƙasa, amma sifanar ba ta tsaya ba. Nawa mijin kuwa, sai dai wani ya ce ya gan shi a wuri kaza, wani ya ce a'a, wani dogon ne daban.

Shekaru suka shuɗe a haka, har ranar da rediyo ya ce an ajiye makamai. Maza suka fara dawowa ɗaya ɗaya, wasu a jirgin ƙasa, wasu a bayan manyan motoci. Kullum in na tsaya a tashar jirgi sai na duba kawunan mutane, ko zan ga wanda ya fi kowa tsawo.

Ranar da ya dawo ɗin kuwa ban duba ba, don wata mai buhun albasa ta tsare min ƙofar gaba muna ta ciniki a kan inda za ta ajiye shi. Mutane suka shiga ta ƙofar baya, mota ta cika maƙil. Inna ta buga sau biyu, na ja. Mun kusa shataletalen tsakiyar gari, na sa giya ta uku, motar ta ɗan yi gurnani kamar yadda ta saba. Sai wata murya ta taso daga can baya.

"Kai direba! A hankali da giya ta uku! Wannan motar ba ta son a matsa mata, lallashinta ake yi!"

Na taka birki a tsakiyar shataletale. Albasa ta watse a ƙasa, mai kwat ya rungumi ƙarfe. Na juya. Can baya na hango wani mai gemu, ramamme, kansa a sunkuye don rufin motar ya yi masa kaɗan. Inna ta riga ni isa. Ta ratsa mutane ta kama gemun da hannu biyu, tana dubawa kamar mai sayen akuya, sai ta fashe da kuka.

"Inna?" in ji shi. "Inna, me kike yi a nan? Jakar mene ce wannan a wuyanki?"

Mutane suka dare, ya hango ni a kan matashi biyu, hannuna a kan sitiyari, hawaye na zuba. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya sake dubana.

"To wa aka bari a gida?"

Inna ta share ido ta ce, "Gidan yana nan inda ka bar shi, ba ya gudu."

Motar ta kaure da dariya da tafi. Motocin baya suna ta oda, ba wanda ya kula. Mai kwat da kansa ya tashi ya ba Dogo kujerarsa. Har muka isa ƙarshen layi idon Dogo na kan hannuna. Da na shiga gareji na yi ribas na jera motar tsaf a tsakanin biyu, sai na ji ya sauke numfashi.

"Wa ya koya miki?"

"Baba Makaniki. Da tukwanen Manaja."

Makonnin farko murna ce ta cika gida. Yara suka yi ta hawa kansa, auta da ba ta san shi ba ta ɓuya a bayan Inna kwana biyu kafin ta yarda da gemun. Yakan firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, yakan yi shiru ya ƙura wa bango ido, sai mu bar shi har ya dawo da kansa. Ni kuma ina fita aikina da sassafe. Ban lura ba ashe yana jira ne in miƙa masa makulli.

Manaja ne ya fasa ƙwan. Ya tara mu a gareji, an share fili, an jera kujeru, har da lasifika. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ce tarihi ba zai manta da mu ba. Ya ce yanzu tunda masu aiki sun dawo, lokaci ya yi da iyayenmu mata za su koma gida su huta. Sannan aka kira mu ɗaya bayan ɗaya, aka ba kowace kyautar tukwane, manya da ƙanana, a ɗaure da jan ƙyalle.

Wasu a cikinmu sun ji daɗi, gaskiya. Akwai wadda ta ce ita dama bayanta ya gaji, ta ɗora tukwanenta a ka ta tafi tana waƙa. Tela kuwa ta karɓi nata ta juya su, ta ƙwanƙwasa gindin babbar.

"Ranka ya daɗe, tukunya ta yi kyau. Me zan zuba a ciki?"

Manaja ya yi kamar lasifikar ce ta lalace. Inna ta cire jakar tikiti ta ajiye masa a kan tebur a hankali, ta ce, "Ga amanarka. Amma ka sani, in kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take."

Na koma gida. Na share inda na riga na share, na wanke abin da ba shi da datti. Asuba na yi idona ke buɗewa, in zauna bakin gado ba wurin zuwa. Inna ta koma kukan gwiwa, ta kuma shiga raba wa kaji wurin zama. Dogo ya karɓi motata, ya kwance katakon birkin ya kawo min gida, wai ko zan hura wuta da shi.

A nan ne muka yi faɗan da ba mu taɓa irinsa ba. Na ce masa ina so in koma aiki.

"Me mutane za su ce? Ga ni da raina da lafiyata, matata na jan bas?"

"Waɗanne mutanen? Waɗanda na kai asibiti, ko waɗanda na kai kasuwa?"

"Wancan lalura ce."

"To lalurar ta koya min abu, kuma ya ƙi fita. In na kwanta titi nake gani. Kai da ka yi shekaru kana tuƙi, in aka ce ka zauna ka tsinci shinkafa har ƙarshen ranka, za ka iya?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Inna, da ta ji komai daga tsakar gida, ta ce da kaji, "Uban nasa ma haka yake. Sai ya zagaya gari kafin magana ta shiga."

Tela ce ta zo da dabara. A bayan gareji akwai wata bas da ta daɗe a mace, ciyawa ta fito ta cikin tagoginta, kyanwa ta haihu a kujerar direba. Sannan a hayin kogi akwai sabuwar unguwa ta mutanen da yaƙi ya koro, hanyarta duk rami, direbobi maza sun ce ba za su kashe motocinsu a can ba. Muka je wurin Manaja mu huɗu, ni da Tela da wata abokiyar tuƙinmu, da Inna a gaba. Muka ce ya ba mu gawar motar nan, in mun tashe ta, layin hayin kogi namu ne, a matsayin cikakkun ma'aikata, ba na wucin gadi ba.

Ya leƙa ta taga ya dubi motar, ya yi murmushi. "In kun tashe ta, ni da kaina zan zama fasinjan farko."

Muka kwashe kyanwa da 'ya'yanta, muka fara. Baba Makaniki idonsa ya yi rauni, sai ya zauna a kan taya yana ba da umarni, Tela tana aikatawa, mu muna miƙa kaya muna wanke ƙarafa. Da babbar tukunyar kyautar nan muka riƙa tarar baƙin mai, ta kuwa yi daidai kamar don haka aka ƙera ta. Direbobi maza in sun tashi aiki sai su tsaya su yi kallo, wasu na tsokana. A cikinsu har da Dogo, yana can gefe, hannu a harɗe.

Ya yi kwanaki yana wannan tsayuwar. Rannan muna fama da wani ƙarfe mai nauyi da ya ƙi zama a wurinsa, mu uku mun ɗaga mun kasa. Sai na ji muryarsa a kaina.

"Ba haka ake ɗaga shi ba."

Tela ta leƙo daga ƙasa, fuska duk baƙin mai. "To malam, baki ko hannu?"

Ya cire rigar aikinsa ya rataye a madubi, ya kwanta a ƙasa, ƙafafunsa sun fito ta ɗaya gefen motar. Ya tallafe ƙarfen, Tela na ce masa dama, hagu, tsaya nan, kar ka motsa. Ya kuwa bi. Da abokansa suka ga haka, sai wani ya kawo batir da ya ce ba ya amfani da shi, wani ya tuna yana da tsohuwar taya a gida. Masu tsokanar ma, da suka ga an daina sauraronsu, suka zo suka kama turi.

Ranar da za a gwada ta, ni na hau. Aka tura, aka tura, na saki kuloci. Ta yi atishawa, ta fesa wa masu turi baƙin hayaƙi, ta tashi. Baba Makaniki ya jefa hularsa sama. Manaja ya fito da butar ban ruwa a hannu, ya tsaya baki buɗe. Inna ta je ta kama hannunsa har cikin mota, ta zaunar da shi a kujerar da ta fi kowace tsalle, a kan tayar baya. Muka kai shi hayin kogi muka dawo da shi. Da ya sauka yana dafe da ƙugu, ya ce gobe mu zo a rubuta sunayenmu, kuma zai yi wa hukumar gari magana a kan ramukan nan.

Yanzu ni ke fita da safe, Dogo ya karɓi na yamma a nasa layin. Tela ce babbar makanikin gareji tun da Baba ya ajiye aiki, har tana da masu koyo a ƙarƙashinta, mata da maza. Inna ta ce sai ranar da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya za ta ajiye jaka, kuma gwiwar ba ta ciwo sai ranar hutu.

Aikin safe na gida ya koma hannun Dogo. Shayi ya iya, wanka ya iya yi wa yara, abu ɗaya ne ya gagare shi, gyaran gashin auta. Rannan na dawo da rana na same ta zaune a bakin ƙofa ta cika ta yi fam, kanta an ɗaure shi gida uku, kowanne ya kalli gabansa.

"Umma, malama ta ce wa ya yi min wannan."

"Me kika ce mata?"

"Na ce Babana ne. Ta ce in gaishe shi, wai ya yi ƙoƙari."

Dogo ya fito yana ɗaura agogo zai tafi aiki. Ya tsaya ya dubi kan yarinyar ta dama, ya duba ta hagu, kamar mai duba taya.

"Na gefen nan ne ya ɗan karkace," in ji shi. "Ki bar min matajin a waje. Gobe zan fara ta baya."